Mene Ne Rabon Nauyi a Kan Tirela?

Duk sa'ad da tirela ta kife da kwantena a hanyar Legas zuwa Kano, akan ji masana suna ambaton rabon nauyi, wato daidaita lodi yadda kowane jerin tayoyi zai ɗauki gwargwadon ƙarfinsa.

A Amurka, inda ake jan ƙananan tirelolin kwana da motar gida, an ƙera mahaɗi na tsakanin mota da tirela mai sandunan ƙarfe, waɗanda ke rage nauyin da ya danne bayan mota, su mayar da shi ga tayoyin gaba da na tirelar, domin kada sitiyari ya kuɓuce wa direba. Ƙa'idar kuwa ita ce mahaɗin ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar.

Mas'alar rabon nauyi ta shafi fatakenmu masu sarin agogo da takalma da tufafi a Zhanxi Lu, daura da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, domin ko da yake tun 1 ga Yuli, 2016 ya wajaba a tabbatar da nauyin kwantena kafin ta hau jirgin ruwa, sikeli ba ya bayyana inda nauyin ya taru. Alhaji, ka halarci lodi, a shimfiɗa kaya masu nauyi a ƙasa, daga farkon kwantena har ƙarshenta, domin ran direba amana ne a wuyanka.