Lulluɓin Sukari a Jikin Ƙwayoyin Sankarar Huhu

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da sarƙoƙin sukari, waɗanda garkuwar jiki ke dubawa don rarrabe ɗan gida da baƙo. Ƙwayoyin sankarar huhu sukan yawaita wani sukari mai suna siyalik asid a bakin waɗannan sarƙoƙi. Da zarar ya manne wa furotin Siglek-7 ko Siglek-9 na jikin ƙwayoyin garkuwa, sai su sassauta farmaki, tamkar maigadin da ɓarawo ya zo wa sanye da rigar ɗan gida.

A shekarar 2016, tawagar Carolyn Bertozzi ta Jami'ar Stanford ta kankare wannan sukari daga ƙwayoyin sankarar mama, sai farmakin ya ƙaru. Wannan dabara ce ake hanƙoron kai wa ga huhu, domin majinyata da dama ba sa samun sauƙi daga magungunan zaburar da garkuwa.