Motar Bas Ta Gari Kamar Famfon Unguwa Ce

Duk wanda ya zauna a unguwar da ruwan famfo ke zuwa ba tsari ya san wahalarsa. Yau ya zo da asuba, gobe da tsakar dare, jibi ko ɗigo babu. Uwargida ta jera bokitai a gindin famfo, ta bar shi a buɗe, tana barci kunnenta na tsakar gida. In abin ya ishi gidan, sai maigida ya ƙulla ciniki da ɗan ga-ruwa, kullum kura guda. Mai hali kuwa ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki, ya manta da hukuma. Abin da ya kori mutane daga famfon shi ne rashin sanin lokacin zuwansa.

Haka lamarin motar bas yake a garuruwanmu masu matsakaicin girma. Malamar makarantar da za ta shiga aji ƙarfe takwas ba za ta tsaya a bakin titi tana jiran motar da ba ta san ko za ta zo ba. Za ta tsayar da adaidaita sahu ko ɗan acaɓa, wato ɗan ga-ruwan hanya, ta biya kuɗin da ya fi ƙarfin albashinta. Mai hali ya sayi motarsa. Kuma kamar yadda yawan burtsatse ke janye ruwan rijiyoyin maƙwabta, haka yawan ƙananan motoci ke cinye titi, kowa ya maƙale a cunkoso, mai motar da marar ita. Talaka ne ke biyan ruwa da tsada, shi ne kuma ke biyan hanya da tsada, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023.

Gwamnatoci sun sha sayo motoci. Tun 1988 gwamnatin Babangida ta kafa shirin sufurin jama'a a birane, jihohi ma suka bi sahu. A jera sababbin bas, a yanka kyalle, a yi jawabi. Bayan ɗan lokaci sai ka tarar da su a bayan ma'aikata, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. An sayo kawunan famfo masu ƙyalli, ba a shimfiɗa bututu ba, ba a kuma tanadi mai gyara ba.

Birnin Kuritiba da ke kudancin Burazil ya fara ne da bututun. A 1970 mutanensa ba su wuce dubu 600 da 'yan kai ba. Da Jaime Lerner, masanin zanen gine-gine, ya zama magajin gari a 1971, sai ya ga birnin ba shi da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma yana da tituna. A 1974 aka ware wa bas layinta ita kaɗai a tsakiyar manyan hanyoyi, babu wata mota da ke shiga gabanta. Jajayen motoci na bin waɗannan manyan layuka, masu ruwan lemo na kwaso mutane daga unguwanni su kawo su tasha, kamar dai babban bututu da ƙanana masu shiga lunguna. A 1980 aka mayar da kuɗin mota bai ɗaya: ka biya sau guda, ka sauya mota a tasha ba ƙari. Da haka mazaunin bayan gari, wanda galibi shi ne marar ƙarfi, ya daina biyan kuɗin nisa.

A 1991 suka kawo tashoshin gilashi masu siffar bututu. Fasinja na biya kafin ya shiga tashar, kuma daɓenta daidai yake da ƙofar mota. Bas na tsayawa ƙofofi su buɗe, tsohuwa da mai keken guragu su shige ba hawa ba tsalle, babu kwandasta mai neman canji. Cikin daƙiƙoƙi ta tashi. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke da motocin, amma hukumar birni ce ke tsara layuka da lokuta, ta kuma ɗauki tsarin biyansu gwargwadon kilomitocin da suka yi. Saboda haka direba ba shi da dalilin tsayawa sai mota ta cika, ko yin tsere don ya riga wani kwasar fasinja. Bogota ta ɗauki darasin a 2000, Legas kuma a 2008.

Garin da bai kai Legas ba ya fi sauƙin gyarawa, domin titunansa ba su gama toshewa ba. Ba sai an fara da layi goma ba. A zaɓi hanya guda mai jama'a, wadda ta haɗa kasuwa da asibiti da babbar tasha. A zuba mata motocin da za su riƙa wucewa duk minti goma, daga asuba zuwa bayan isha'i, ko sun cika ko ba su cika ba. A ware kuɗin bakanike da kayan gyara tun ranar sayen motocin. Masu adaidaita sahu kuma a ba su aikin shiga unguwanni su kawo mutane bakin layin, kada a raba su da abincinsu. In jama'a suka shekara suna ganin motar a kan lokacinta, su da kansu za su nemi a buɗe layi na biyu.