Yadda ake girka randa da tanki don kada su tsage

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya take da nauyi, saboda haka tankin roba mai cin lita 1000 tan guda yake ɗauke da shi idan ya cika. Mazubi yakan jure wannan nauyi muddin ya bazu a gindinsa gaba ɗaya. Da zarar ya taru a wuri guda, nan tsagewa take farawa.

A Safo da ƙauyukan Madarunfa an daɗe da sanin haka game da randa. Gindinta a zagaye yake, shi ya sa ake tona ɗan gurbi a yashi mai laushi, a zaunar da ita, yashin ya rungume ta ta kowane gefe. Kafin nan sai an tsince tsakuwa sarai, domin ƙwaya ɗaya tak a ƙarƙashin cikakkiyar randa tana iya huda yumɓu. Galibi tsagar ba ta bayyana nan take. Damshi ne ake fara gani yana bin gindin.

Tanki kuwa dakalin siminti yake so, shimfiɗaɗɗe, wanda ya ɗan fi gindinsa faɗi. Ɗora shi a kan bulo huɗu, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne, don tsakiyar ba ta da abin tallafi. Haka akwatin gilashi na kiwon kifi yake, har ya fi rashin haƙuri, tunda gilashi ba ya lanƙwasa: ana shimfiɗa masa soso a kan teburi mai ƙwari, a zuba ruwa kaɗan a duba ko ya karkata.

Da damina ruwan sama yakan kwashe yashin ƙarƙashin dakali ta gefe ɗaya, sai a riƙa cike wurin ana daddaɓewa.