Yadda Gwamnatin Amurka Ke Biyan Manoma Tallafi

Shin kun san akwai ƙasar da ake biyan manomi kuɗi idan farashin hatsinsa ya faɗi? Amurka ce, kuma ga yadda abin yake.

Asalin tallafin shi ne shekarar 1933. A lokacin tattalin arzikin ƙasar ya karye, hatsi ya yi araha har manoma suka kasa biyan bashi. Sai gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta fara biyan manoma don su rage noma, saboda idan kaya ya ragu a kasuwa farashi zai tashi. Yanzu majalisarsu kan sabunta dokar noma kusan duk bayan shekara biyar.

Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, masu kama da ƙananan hukumominmu. Ma'aikatar noma tana da ofisoshi a gundumomin karkara, can manomi ke rajistar gonarsa. Dokar 2014 ta ba shi zaɓi biyu.

Na farko ya shafi farashi. A dokar 2014, gwamnati ta yanka wa masara dala 3.70 a kan mudunsu, wanda ya kai kilo 25. Misali, idan farashin shekara ya sauko zuwa dala 3.30, za a cika masa gibin santi 40 a kan yawancin amfanin da aka rubuta wa gonarsa.

Na biyu ya shafi gunduma baki ɗaya. Ana lissafa abin da eka ɗaya ta saba kawowa a gundumar. A dokar 2014, idan kuɗin shekara bai kai kashi 86 cikin 100 na wancan ba, sai a biya waɗanda suka yi rajista. Ke nan wanda gonarsa ta yi kyau zai iya samu, wanda tasa ta lalace kuma zai iya rasawa idan maƙwabtansa sun yi albarka.

Amfanin tsarin a fili yake. Manomi bai da iko da ruwan sama ko kasuwa, tallafin ne ke hana shi sayar da gona bayan mummunar damina. Amma akwai ƙorafi. Da yake girman gona ake dubawa, mai babbar gona ya fi samu, duk da dokar 2014 ta ƙayyade dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara. Kuma masu noman amfanin gona irin su masara, alkama, waken soya da shinkafa ne ke cin moriyarsa, ban da masu kayan lambu.

Abin ya taɓa Afirka ma. Manomin auduga da ake tallafa wa zai ci gaba da noma ko farashi ya faɗi, sai auduga ta yi yawa a kasuwar duniya. Shi ya sa a 2003 ƙasashen Chadi, Mali, Benin da Burkina Faso suka kai kuka gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, domin manomansu na sayar da tasu a wulaƙance.

Don haka idan muka ji an ce gwamnati ta ba manoma tallafi, a ko'ina ne, mu yi tambaya uku: wa ya karɓa, da wane ma'auni aka raba, kuma wa aka bari a baya?