Karatun yara a gida: daga baƙaƙen kwalin Maggi zuwa tambayar "don mi?"

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, iyaye ƴan kasuwa daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, mukan taɓa jari mu sayi kaye da bik da ardoza mu kai yara lakol. Daga nan sai mu naɗe hannu muna jiran mushe ya yi komi. To amma binciken PASEC da aka yi a ƙasashen Afirka 10 cikin shekarar 2014 ya nuna cewa a Nijar, yaran ajin ƙarshe na firamare da suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. An samu ci gaba a binciken 2019, sai dai har a lokacin mafi yawan yaran ba su kai matsayin da ake so ba. Wannan asara ce ta kuɗinmu da ta shekarun ƴaƴanmu.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaro yana shiga ajin CI ya tarar da baƙi biyu a rana guda: harafi da Faransanci. Hukumomi sun daɗe da sanin haka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu wuri a makaranta, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba za ta zo ta zauna da yaro bisa tabarma ba. Wannan aikinmu ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usman ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis, wato mata malamai, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata cikin gidajensu.

Baƙaƙe na nan cikin rumfa

Ba sai an sayi littafi ba. Kwalin Maggi, gwangwanin Nido, buhun shinkafa, duk rubutu ne. Yaro mai shekara 4 ko 5 a fara masa da kunne kafin ido: mu ce "masara, madara, manja", mu tambaye shi da wane sauti suka fara. In ya kama, sai mu nuna masa M a jikin kwali, ya zana ta da yatsa a ƙasa. Harafi ɗaya ya isa na kwana biyu ko uku. Bayan haka a haɗa: ma, mi, mu, sannan "mama", sannan sunansa. Hausa tana da sauƙi a nan, domin kusan yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta, kuma wanda ya gane yadda baƙaƙe ke haɗuwa da harshen uwarsa, ba zai sake koyon wannan dabara daga farko ba idan ya je ga Faransanci.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce ba ruwanta. Ta sa yayan yaron ya nuna harafi, ita kuma ta saurara. Gatanar dare ma karatu ce, muddin bayan an gama za a ce wa yaro ya maimaita: wa ya fara zuwa, mi ya biyo baya, ina aka ƙare. Minti 15 kowace rana bayan magariba sun fi awa 3 ranar Lahadi, kuma a ajiye bulala. Yaron da ke jin tsoro yana hardacewa ne kawai, ba ya ganewa.

Lissafin dala

Ƴaƴan ƴan kasuwa suna da wata riba da ba mu lura da ita. A kasuwa muna cewa dala 20, a lakol ana rubuta 100. Muna cewa jika, ana rubuta 1000. Yaro da yawa nan yake rikicewa, ya ɗauka lissafi biyu ne. Mu zube masa kuɗin a faifai mu nuna masa cewa dala ɗaya faran 5 ce, dala 50 su ne 250, dala 100 su ne 500. Ranar da ya gane haka, ya riga ya iya ninkawa da 5 tun kafin mushe ya rubuta ta a allo.

Hankali ma ana koyar da shi

Malaman zaure suna da fannin da suke kira mandiƙi, wato ilimin auna magana. Malamin nan na ƙarni na 16 da ya rubuta Ahalari, shi ne ya rubuta Sullam a wannan fanni. Yaro mai shekara 6 ko 7 yana iya fara shi ba tare da ya san sunansa ba. A ba shi wake da gujiya da masara a haɗe ya rarrabe, sannan ya faɗi dalilin da ya sa ya raba su haka. A buga dara da shi, a tambaye shi: in ka aje nan, ni ina zan aje?

Daga nan a hau mataki. A ce masa: albasar Galmi ja ce, wannan albasa ma ja ce, ke nan ta Galmi ce? Zai yi saurin cewa i. Sai a tambaye shi ko babu jar albasa a wani gari. Wannan ƙaramar tambaya ita ce za ta tsare shi gobe daga mai sayar da jabun kaya, da mai aiko saƙo a salula cewa ya ci miliyan a gasar da bai taɓa shiga ba. Sharaɗin dai shi ne mu jure wa tambayarsa. Idan yaro ya ce "Inna, don mi?" kada mu ce ya cika surutu. Mu ce masa: kai mi ka gani?

A ƙarshe muna jan hankalin ƴan uwa: karatun gida ba hujja ba ce ta cire yarinya daga lakol a ɗora mata tiren talla. Taimako ne ga lakol da makarantar allo baki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda zai riƙe littafin bashin rumfarmu nan da shekara 10, shi ne wannan da ke wasa a gindin teburi yau.