Ko Kun Sani? Agadas, Birnin da Ke Bakin Sahara

Birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar yana gindin duwatsun Azbin ne, daidai bakin hamadar Sahara. Ko da yake Abzinawa ne suka kafa sarautarsa, Hausa ce ake ji a kasuwanninsa da unguwanninsa.

Ruwan saman da ke sauka a Agadas a shekara bai cika kai milimita 200 ba, kuma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba. Kafanchan da Jere kuwa, a kudancin Kaduna, suna samun sama da milimita 1,000. A watannin Mayu da Yuni zafin rana a Agadas yakan haura digiri 40.

Duk da haka mutanen birnin ba su zauna ba. Bayan damina ayarin raƙuma yakan ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, a kai gero a ɗauko gishirin kantu da dabino, a gangaro da su ƙasar Hausa. A kwarurrukan Azbin, kamar Timiya, ana noman rani na albasa, dankalin Turawa da lemo da ruwan rijiya. A arewa kuma, a Arlit, tun 1971 ake haƙar yuraniyom.

Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da laka tun ƙarni na 16, tsawonta ya kai mita 27. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.