Batirin tirela da lissafin Thévenin

Duk wanda ya taɓa zama a garejin manyan motoci a Potiskum, garin da tireloli ke lodin shanu zuwa Kudu, ya san wannan abin haushi. Mita ta nuna batir a cike yake, bolt 12.6, amma da direba ya murɗa makulli sai a ji "ƙas", inji ya ƙi tashi. Gogaggen rewaya ba ya gardama. Sai ya ce wa yaronsa, "Kai, sake murɗawa," shi kuwa idonsa na kan mitar. In lambar ta faɗi warwas, batir ya gaji.

Abin da rewaya ke ganewa da ido, wani injiniyan tangarahu na Faransa, Léon Charles Thévenin, ya rubuta shi a 1883. Bajamushe Helmholtz ya riga shi da shekara 30, sai dai sunan Thévenin ne ya bi dabarar. Ga ta a taƙaice: komai cukurkuɗewar haɗin lantarki, in aka dube shi ta bakin wayoyinsa biyu, ana iya ɗaukarsa tamkar tushen wuta ɗaya da turjiya ɗaya a jere.

Turjiyar nan a ɓoye take, ba ta bayyana sai an ja wuta. A ce kik ya ja amfiya 200, mita ta sauka daga 12.6 zuwa 10.6. Bolt 2 sun ɓace a cikin batirin kansa. A raba da 200, turjiyarsa om 0.01 ke nan. Batir na tsufa, tana ƙaruwa, shi ya sa yake kunna fitila amma ya kasa juya inji.

A 1926 Edward Norton a Amurka da Hans Mayer a Jamus, kowa da kansa, suka fito da takwarar dabarar, wadda ɗaliban lantarki ke haɗuwa da ita a aji ɗaya da ta Thévenin. Kan batir dai lissafin Thévenin kimantawa ce kawai, don zafi da sanyin hunturu na sauya turjiyar.

Yawancin tireloli batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24, turjiyarsu kuma ta haɗu. Ɗaya ya raunana, ya ja ɗan'uwansa ƙasa. Ko farin gishirin da ke taruwa a kan tasha ƙarin turjiya ne, don haka kafin a yi maganar sabon batir, rewaya kan aiki yaro ya kawo ruwan zafi da sanfefa.